Darasi: Istihara Ba Duba Ba Ce

Muna farawa da sunan Allah, muna gode maSa bisa ni'imar Musulunci. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa a kan Istihara yake, wato neman zaɓin Allah. Abin da ya sa muka ɗauko shi kuwa, tambayoyi ne da suka yawaita, mafi yawansu a kan aure da tafiya. Akwai mai cewa an yi wa ɗiyarsa baiko, har an rarraba goro, sai dangin yaron suka kai sunanta wurin wani malami, ya kwana a kai, gari na wayewa ya ce ya ga baƙin abu, aka fasa. Akwai mai cewa ya ba da jikka biyar a yi masa istihara a kan tafiya Libiya, aka ce masa hanya fara ce. Dukansu istihara suke kiran abin da aka yi musu. To, sai mu koma ga asali mu gani.

Asalin wannan salla hadisin Jabiru ɗan Abdullahi ne (R.A.), wanda Imamu Buhari ya ruwaito. Jabiru ya ba da labarin cewa Manzon Allah (S.A.W.) yana koya musu istihara cikin dukan al'amura kamar yadda yake koya musu sura daga Alƙur'ani. Siffarta ba ta da wuya. Wanda ya yi nufin wani al'amari, sai ya sallaci raka'a biyu waɗanda ba na farilla ba, sa'an nan ya yi addu'ar da aka koyar, ya ambaci bukatarsa a cikinta. Imamu Nawawi ya so a karanta Suratul Kafiruna a raka'ar fari, Suratul Ihlasi a ta biyu, amma wannan zaɓin malamai ne, duk surar da ta sawwaƙa ta wadatar. Lafazin addu'ar kuwa kowa ya je ya ɗauke shi daga bakin limaminsa, domin gyaran harufa sai da malami.

Abin da muke so a lura da shi a nan shi ne ma'anarta. Bawa yana farawa da miƙa wuya, yana shaida cewa sani da iko na Allah ne, shi ba ya da ko ɗaya. Daga nan ya roƙa, in abin nan alheri ne ga addininsa da rayuwarsa da ƙarshen al'amarinsa, a ƙaddara masa shi, a sawwaƙe, a sa albarka. Ku dubi jerin: addini aka gabatar kafin abinci. Sau nawa ciniki yake kawo riba ya tafi da sallar mutum? In kuwa sharri ne, sai bawa ya roƙi abu biyu: a kawar da abin daga gare shi, shi ma a kawar da shi daga abin. Wannan na biyun ya fi zurfi. Mun san mutanen da Allah Ya hana su wata mace ko wani aiki, abin ya wuce shekara goma, amma zuciya tana can ba ta dawo ba, matar da ke cikin gida tana biyan bashin da ba ta ci ba. Saboda haka addu'ar ta ƙare da roƙon yarda da abin da Allah Ya zaɓa.

Tun daga farkon hadisin har ƙarshensa babu ambaton barci, babu mafarki, babu fari ko baƙi ko kore. Babu inda bawa ya roƙi a nuna masa gaibu. Abin da ya roƙa shi ne a zaɓa masa. Malaminmu na mazhabar Malikiyya, Ibnul Hajji, mai littafin Madhalu, wanda ya rasu a Misira shekara ta 737 bayan Hijira, ya yi inkarin masu yin istihara su zauna jiran mafarkinsu ko na wani, ya nuna wannan ba abin dogaro ba ne. Mafarki yana iya zama gaskiya, ba mu musa ba, amma yana iya zama zancen zuci ko wasan Shaiɗan. Saurayin da ya wuni yana tunanin yarinya, me ake zaton zai gani da dare? Hadisin da ake yawan kawowa kuwa, na maimaita istihara sau bakwai da duban abin da ya rigaya zuwa zuciya, malaman hadisi sun raunana shi ƙwarai.

Sa'an nan mai bukata shi aka umurta ya yi sallar da kansa. Lokacin da Zaidu ɗan Harisa ya kai wa Zainabu ɗiyar Jahshi saƙon neman aure daga Manzon Allah (S.A.W.), Imamu Muslimu ya ruwaito cewa ba ta amsa nan take ba, sai da ta miƙe zuwa wurin sallarta don neman zaɓin Ubangijinta. Ba ta aika wurin kowa ba. Ɗan'uwa ya yi wa ɗan'uwansa addu'ar dacewa abu ne mai kyau, kuma muna kwaɗaitar da shi. Amma a kai sunan yarinya da na mahaifiyarta, a ajiye kuɗi, a dawo gobe a karɓi hukunci, wannan hanyar ƴan duba ce, ko da mai yin ta ya naɗa rawani.

Larabawan Jahiliyya suna da irin tasu. Kibau ne marasa kai, ɗaya da alamar umurni, ɗaya da alamar hani, ɗaya babu komi. Mai son aure ko fatauci sai ya zaro, ya bi abin da ya fito. Allah Ya haramta wannan a Suratul Ma'ida, aya ta 3 da ta 90, inda Ya haɗa shi da giya da caca da gumaka. Ranar buɗe Makka, shekara ta 8, Annabi (S.A.W.) ya tarar da surar Annabi Ibrahimu da Annabi Isma'ila a cikin Ka'aba an zana su riƙe da kibau, ya ƙaryata masu zanen, ya tabbatar ba su taɓa yin haka ba. To, mene ne bambancin kibiya da bugun ƙasa, ko watsa wuri, ko damƙar tasbaha a ƙidaya biyu-biyu a ga abin da ya rage, ko buɗe Mus'hafi da ka a ɗauki ayar da ido ya faɗa a kai? Kayan aikin ne kawai suka sake. Kuma ya inganta a Muslimu cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40.

Har maƙwabtanmu Kirista da muke zaune da su a Maraɗi da Galmi da Yamai, masu riƙo daga cikinsu sukan yi addu'a, wani lokaci da azumi, su nemi nufin Allah kafin aure ko ƙaura, kuma malamansu suna hana su zuwa wurin boka. Aƙidarmu da tasu daban, wannan sananne ne. Amma abin kunya ne a ce Musulmi, wanda Annabinsa ya koya masa raka'o'in da kalmomin ɗaya bayan ɗaya, shi za a tarar da sassafe a zauren mai duba.

Istihara kuma ba ta ɗauke wa mutum shawara da bincike. Faɗimatu ɗiyar Ƙaisu ta zo wa Annabi (S.A.W.) da maganar mutum biyu masu neman ta, Mu'awiya da Abu Jahmi. Bai ce mata ta je ta kwanta ta yi mafarki ba. Ya gaya mata halin kowanensu a fili, cewa na farko ba ya da dukiya, na biyu kuma sandarsa ba ta sauka daga kafaɗarsa, ya nuna mata Usamatu ɗan Zaidu, ta aure shi ta ji daɗi. Haka Abdullahi ɗan Zubairu, bayan gobarar Ka'aba a shekara ta 64, sai da ya tara mutane ya ji ra'ayinsu, Ibnu Abbas ya ce a gyara kawai, sa'an nan ya yi istihara kwana uku, ya ƙudurta rushewa da sake gini. Daga nan malamai suka fahimci halascin maimaita ta ga wanda al'amari bai bayyana gare shi ba.

Wannan magana ta fi shafar matasanmu masu niyyar ƙetare Sahara. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, sa'ad da aka tsinci gawar mutum 92, yawancinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Allah Ya jiƙan su. Wanda zai bi irin wannan hanya, ya tambayi waɗanda suka je suka dawo, ya san direba da motarsa da guzurin ruwa, ya nemi yardar iyaye, ya san abin da ya bar wa iyali kafin kaka, sa'an nan ya yi raka'o'insa biyu. In an yi wannan duka, sai a kama hanya ko a zauna, ba tare da jiran wata alama ba. Suratu Ali Imrana, aya ta 159, ta jera shawara, sai azama, sai dogara ga Allah. In abin ya sawwaƙa, shi ke nan. In ƙofofi suka yi ta rufewa, kada a ɓalle su da ƙarfi. Wahala kaɗan kuma ba alamar hani ba ce, domin babu gonar da ake nomewa ba gumi.

Sauran hukunce-hukunce a taƙaice. Ba a istihara a kan wajibi ko haram: babu mai neman zaɓi a kan ba da zakka, ko a kan cin riba. A kan halas ake yi, ko a kan lokaci da hanya da abokin tafiya, kamar mai niyyar Hajji. Ba a yin sallar bayan Asuba har rana ta ɗaga, ko bayan La'asar har a sallaci Magariba, domin nafila ce. Mace mai haila, ko wanda al'amari ya matsa masa babu damar salla, ya wadatu da addu'ar kaɗai.

Iyaye kuma su ji tsoron Allah, kada uba ya ce ya yi istihara don ya rufe bakin ɗiyarsa. Hansa'u ɗiyar Hizamu bazawara ce, mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara, Manzon Allah (S.A.W.) ya warware auren, kamar yadda ya zo a Buhari. Budurwa ma hadisi ya ce a nemi izininta. Ita za ta zauna a ɗakin, saboda haka a koya mata addu'ar ta yi da kanta, a kuma saurari abin da za ta ce.

Allah ne Mafi sani.