Hedifon Ɗin Sutudiyo: Nemi Mai Igiya, Mai Faɗin Gaskiya

Duk wanda ya buɗe ɗan sutudiyo a Kankiya ko Kusada, kan makirufo yake fara kashe kuɗi, sai fiyano, sai kwamfuta. In an zo kan hedifon, da ragowar canji ake saye, ko a ɗauko wanda ake jin waƙa da shi a waya. Daga nan aiki ke fara lalacewa. Waƙar biki ce, ko ta siyasa, ko bege, ko tafsirin malam na azumi, ko tallar shago da za a kai gidan rediyo a Katsina, kunnenka ne alƙali. Ɗakunanmu kuwa ba don sauti aka gina su ba: bango siminti, rufi kwano, janareta na ruri a bayan taga, ga manyan motoci a kan titin Kano zuwa Katsina. A irin wannan ɗaki lasifika kan yaudare ka, domin amsa-kuwwar bango na cakuɗuwa da abin da take fitarwa. Hedifon ne kaɗai zai raba kunnenka da ɗakin.

Ɗan'uwa, sayi mai igiya. Na Bluetooth yana da daɗin sha'ani, amma sautinsa yana makara, sau da yawa da kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa ko fiye. Mai sauraron waƙa ba zai lura ba. Mawaƙin da ke jin muryarsa tana biyo shi a baya kuwa, nan take zai saki kiɗa, 'yan amshi su rikice, ka yi ta cewa a sake alhali laifin ba nasu ba ne. Ga shi kuma yana matse sauti kafin ya aiko, ga caji. Wanda ke jiran wutar KEDCO ba ya buƙatar ƙarin abin da zai mutu masa ana tsaka da ɗauka.

Hedifon ɗin aiki iri biyu ne: mai rufaffen baya da mai buɗaɗɗen baya. Buɗaɗɗe, irin su AKG K240 da bayansa ke da 'yan ƙofofi, yana ba da sauti mai walwala wajen haɗa kiɗa da murya, amma sai a ɗaki mai shiru. Idan mawaƙi ya sa shi a gaban makirufo, kiɗan zai zubo ya shiga cikin muryar, wani siririn tsit-tsit da ba za ka iya cirewa ba daga baya. In guda ɗaya kuɗinka zai iya, rufaffe za ka saya, babu wani dogon tunani.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda matasanmu ke zaɓe da daɗi. A sa hedifon a shago, a ji bes yana dukan ƙirji, a ce wannan shi ne. Na kasuwa an yi su ne don su ƙawata sauti, su ƙara ƙasa, su ƙara ƙyalli a sama. Idan da shi kake haɗa waƙa, za ka ji bes ya wadata alhali babu shi, sai ka rage; waƙa ta fita, a sa ta a lasifikar biki, a ji ta fayau. Hedifon ɗin sutudiyo aikinsa tonon asiri. Ranar farko zai iya yi maka lami a kunne. Amma shi zai jiyar da kai numfashin mawaƙi, da bugun "f" da "b" a kan makirufo, da kaifin "s" da "ts", da kukan akuyar maƙwabta da ya shigo tsakanin baiti da baiti. Shi zai jiyar da kai wani zuuu da ke kwance a ƙarƙashin karatun malam. In ka ji wannan, zare cajar kwamfuta daga jikin janareta ka saurara. Sau da yawa nan take yake ɗaukewa, sai ka yi ɗaukar da batir.

Akwai sunayen da aka daɗe ana aiki da su a gidajen rediyo da sutudiyon duniya. Sony MDR-7506 tun 1991 yake kasuwa, ba shi da nauyi, kuma yana fito da murya sarai, shi ya sa ya dace da wa'azi da hira. Aibinsa, igiyar ba ta cirewa, fatar kunnen kuma tana ɓarewa. Audio-Technica ATH-M40x da ATH-M50x igiyarsu na cirewa, in ta tsinke ka sa wata. ATH-M20x ƙaninsu ne mai sauƙin kuɗi, ya isa a miƙa wa mawaƙi. Sennheiser HD 280 Pro yana toshe hayaniyar waje ƙwarai. Beyerdynamic DT 770 Pro na Jamus yana da daɗin zama a kai, amma a nan sai ka duba lamba.

Lambar ita ce om, a jikin kwali take. Yawanta na nuna yawan ƙarfin da hedifon ke nema kafin ya yi ƙara. MDR-7506 om 63 ne, M50x kuma 38, ƙaramin sawun-kad irin Focusrite Scarlett ko Behringer zai ɗauke su ba wahala. DT 770 kuwa ana yin sa da 32, da 80, da 250. Mai 250 a jikin waya ko kwamfuta zai yi maka ƙasa-ƙasa, ka zaci lalatacce ne. Ɗauki mai 80 ko mai 32. Ka kuma tabbatar akwai kan da ke mayar da ƙaramin baki mai milimita 3.5 zuwa babba mai 6.35, domin sawun-kad babban rami gare shi.

Saye kuwa, yawanci sai an dangana da Kano, ko Sabon Gari ko titin Beirut, kuma jabu ya yi yawa, musamman na waɗannan sunaye da suka yi fice. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na sauran shaguna, bar shi. Tafi da waƙa biyu da ka san su ciki da waje, da muryar mutumin da ka saba ji baki da baki. Saurari kunnen dama shi kaɗai, sannan na hagu. Murɗa igiyar a gindin baki kana sauraro, in ta yi ƙaras-ƙaras akwai rauni. In kana da wani da ke aiki a sutudiyon titin Gidan Zoo, roƙe shi ya raka ka. Kunnen da ya saba da na ainihi ba ya ɓata lokaci. Na hannu mai asali ya fi sabon jabu, tunda soson kunne ana sayar da shi daban.

Ƙurar hunturu da gumin bazara su ke cin hedifon a ƙasarmu. Goge soson da busasshen ƙyalle bayan kowane aiki, ka sa shi a jaka, kada ka rataye shi a ƙusa kusa da taga. Igiya a hankali ake naɗe ta, ba a ɗaure ta a jikin hedifon. In ta yanke a baki, mai gyaran rediyo zai liƙe ta da dalma.

Sai kunnen kansa, wanda ba a sayar da shi ko'ina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya jure ƙarar desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Idan ka cire hedifon ka ji kunne na ƙara, ka wuce gona da iri. Rage murya, ka riƙa hutawa duk bayan awa guda. Gajiyayyen kunne kullum ƙari yake nema.

Kafin ka miƙa aiki, tura shi a ƙaramar waya mai madannai, ka kuma sa shi a irin lasifikar da masu shayi ke kunnawa, domin a nan mutanen Kankiya da Kusada za su ji shi. In kalmomin mawaƙi ko na malam sun nutse a can, koma kan hedifon ka rage kiɗa, ka ɗaga murya kaɗan, ka sake gwadawa.