Kwana Uku a Kano: Nasihar Kawu ga Ango

Ɗana, na yi murna da na ji cewa hutun da aka ba ka a wurin aiki, Kano za ka kai amaryarka ku yi kwana uku. A zamaninmu mutum ba ya barin gida sai da dalili: biki, ta'aziyya, fatauci ko neman ilimi. Wanda ya ce zai je wani gari don kawai ya ba idonsa abinci, sai a ce ya rasa aikin yi. Ku kun zo a lokacin da ake ware kuɗi musamman don buɗe ido, kuma ban ga aibin hakan ba. Abin da nake jiye maka shi ne ku dawo a gajiye, aljihu wayam, ba ku ga komai ba sai ƙeyar mai adaidaita sahu a cikin cunkoso.

Fara da lissafin kwanakin. Kwana uku a baki ne. Ranar farko hanya za ta cinye ta, ranar ƙarshe kuma hankalinka na kan komawa. Abin da ke hannunka yini ɗaya ne cikakke, da yammaci ɗaya, da safiya ɗaya. Duk wani tsari da za ka yi, a kan wannan za ka ɗora shi.

Daga Abuja, in aljihu ya yarda, jirgin sama zai sauke ku filin Malam Aminu Kano cikin kamar awa guda, sai dai a tsakiyar hunturu hazo kan sa a ɗage tashi. In ba haka ba, ku hau jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa, ka sayi tikiti tun da wuri, katin shaidarku na jikinku, sannan ku shiga mota daga Kaduna, ta Zariya da Kwanar Ɗangora da Kura har Na'ibawa. Mota kuma a cikin tasha ake shigarta, inda za a rubuta sunanka da lambar wani naka. Ta bakin titi ta fi araha, na sani, amma kana tare da 'yar mutane. Ku yi sammako, kada magariba ta riske ku a hanya. In da zaɓi ne, daga ɗaukewar ruwa zuwa Fabrairu ya fi. Zafin Afrilu a Kano ba ya barin mutum ya yi yawo.

Masauki shi ne inda nake so ka fi natsuwa. Na san gwaggonka za ta ce ku sauka wurinta, kuma da zuciya ɗaya za ta faɗa. Amma da zarar kun ajiye jaka a gidan dangi, hutu ya koma ziyara. Amarya za ta wuni a ɗaki tana amsa gaisuwa cikin lulluɓi, kai kuma za a yi ta zagayawa da kai gidajen 'yan uwa, kowanne da kwanon abincinsa. Ku kama ɗaki a otal. Sai dai kada ka kuskura ta ji labarin zuwanku a bakin wani. Yammacin da kuka isa, ku yi wanka ku nufi gidanta da 'yar tsaraba, ku ci tuwon dare a can, ku karɓi addu'a. Ka fita haƙƙin zumunci, sauran kwanakin kuma sun zama naku.

Otal ɗin, kada hoton intanet ya ruɗe ka, don ranar da aka buɗe shi aka ɗauka. Kafin ka biya, ka ce a nuna maka ɗakin. Ka murɗa famfo ka ga ko ruwa na zuwa, ka ɗaga zanen gado, ka duba sakatar ƙofa. Ka tambayi ƙarfe nawa suke tayar da janareto, ƙarfe nawa suke kashewa, ko kuwa suna da sola. Ka kuma leƙa ko akwai ɗakin taron biki a harabar, domin in akwai, daren Juma'a da na Asabar kiɗa ne zai kwana da ku. Ka biya kuɗin dare ɗaya tukuna. In wuri ya yi, gobe ka ƙara. Wajen Nassarawa da Bompai sun fi shiru, titin Gidan Zoo ya fi hada-hada da wuraren cin abinci, kuma dukansu ba su yi nisa da cikin birni ba. Ɗaki mai araha a can bayan gari, rarar da ka samu mai adaidaita ne zai karɓe ta.

Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin Kano, saboda haka adaidaita sahu ce abin hawanku. Ku biyu ne, kuma baƙi, to ku riƙa ɗaukar shata, ku gama ciniki kafin ku hau, ka tanadi canji. In ka dace da direba mai hankali ka karɓi lambarsa. Kada ka sa rai da samun su bayan ƙarfe goma na dare. Waya kuma ta zauna a aljihu in kuna kan titi. Ƙwacen waya ba labarin ƙanzon kurege ba ne. In tafiyar ta faɗa a Asabar ɗin ƙarshen wata, ka sani safiyarta ta tsaftar muhalli ce, ba a zirga-zirga sai wajen ƙarfe goma.

Cikakken yinin nan, ka ba wa cikin ganuwa shi duka. Ku fara da Dala bayan asuba, kafin rana ta yi ƙarfi. Matakala ce ke kai mutum sama, ku hau a hankali. Daga can za ka ga Goron Dutse, da hasumiyoyin babban masallaci, da rufin gidaje iya ganinka. A kan dutsen nan Barbushe ya yi zamaninsa tun kafin zuwan Bagauda. Ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu kuwa, yawancinta ta zaizaye ko an yi gini a kanta, don haka inda duk ka ga ragowarta ka tsaya ka dube ta da kyau.

Daga nan sai marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take. A nan nake so ku daɗe. Ramuka ne jere a ƙasa, wasu an rufe su, wasu na aiki. Za ka tarar da marini zaune a bakin raminsa, hannunsa ya rine har gwiwa, yana tsoma ƙyalle a ruwan baba da toka, ya ɗaga shi ya sha iska, ya sake tsomawa. In ya fito da shi kore-kore yake, a gaban idonka zai juye shuɗi. Gefe guda kuma 'yan bugu na dukan shadda a kan gungume har ta ɗauki ƙyalli. Ka yi sallama, ka gaisa, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya. Wurin neman abincin mutane ne. Ka sayi ko ɗan mayafi ne, ya fi ka miƙa kuɗi don hoto kawai.

Bayan azahar ku ɗan kishingiɗa, ko da na awa guda ne, sannan ku shiga Gidan Makama, kusa da fada. Gini ne na zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu gidan tarihi ne; akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da labarin shigowar Turawa a 1903. Ka bar jami'in wurin ya zagaya da ku, ka sallame shi da abin kirki. Kasuwar Kurmi ma Rumfa ne ya kafa ta. Lungunanta ƙanana ne, daga 'yan sirdi da linzami ka faɗa 'yan turare, daga nan 'yan littattafai, kuma sai kun ɓata. Ba komai, matambayi ba ya ɓata, sai dai ka zaɓi dattijon da ke zaune a rumfarsa ka tambaya, ba yaron da ya biyo ka ba. In yunwa ta taso, ga gurasa nan a wajen Jakara: a yayyafa mata ruwa, a barbaɗa ƙuli da yaji, a zuba mai da albasa. Bandashen nan kaɗai ya isa dalilin zuwa Kano.

Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, da Gidan Mambayya na Malam Aminu Kano, da Gidan Zoo, duk suna nan. Ka zaɓi ɗaya in lokaci ya ragu, in bai ragu ba ka bar su sai wani jiƙon. Hawan Sallah ma kada ka gina tafiya a kansa sai ka tabbatar za a yi, don a 'yan shekarun nan an sha dakatar da shi.

Saura Kantin Kwari, kuma na san 'yata amarya ba za ta yafe shi ba. Kasuwa ce da ake zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru, atamfa da leshi da shadda har sai ido ya gaji. Tun a ɗaki ku yanke abin da za a kashe, ku faɗa wa juna da baki. Ku taya a shago uku kafin ku saya, kada kuma ku bi wanda ya tare ku a bakin layi yana cewa ya san inda ya fi sauƙi, ladansa a cikin kuɗinku yake. Kuɗin komawa gida kuwa, tun kafin ku baro Abuja ka ware shi a wani aljihu dabam, tsabarsa, don ranar da ka fi buƙatar tura kuɗi ta waya ita ce ranar da sabis ke ɗaukewa.

Ranar tafiya ka sayi kilishin tsaraba a Agadasawa da wuri, ka kira gwaggonka ku yi sallama, ku kasance a tasha kafin hantsi ya dubi ludayi. Ka gaishe min da 'yata. In kun bi ta 'yan turare a Kurmi, ka taho min da ɗan almiski, nawa ya kusa ƙarewa.