Darasi Don Direbobi: Geji Mai Ƙarya da Injin da Ba Ya Silo

A nan wajenmu, daga Adabka zuwa Bukkuyum, Gummi da Anka, har yanzu akan ga tsofaffin akori-kura Fijo 504 suna kai hatsi kasuwa, da dare kuma su kai mai naƙuda asibiti. Tun 1975 aka soma haɗa Fijo a Kaduna. Motar ba ta da kwamfuta, kafireta gare ta, saboda haka direba mai lura zai iya gano yawancin ciwonta da kansa. Kowa kuwa ya sani hanyoyinmu a zamanin nan ba wurin da mutum zai so mota ta mace masa ba ne, balle da almuru.

Kwanakin baya wani direba ya kawo mini kuka biyu. Gejin mai da gejin zafi duka sun kwanta, kuma da zarar ya ɗaga ƙafa daga totur sai inji ya mutu. Sau biyu ya biya kuɗi aka kwance masa kafireta, a banza. Da muka duba, ashe fis ɗaya ne ya yi tsatsa. Ga dalili. Wasu kafireta suna da ɗan makunni mai waya guda, wanda yake buɗe hanyar man silo idan an murɗa makulli. In wuta ba ta kai gare shi ba, hanyar a rufe take. A motarsa layin da ke ba shi wuta shi ne ke ba geji. Muka kankare fis, duka biyu suka warke.

To, in geji biyu sun lalace tare, kada ka zargi gejin. Dubi fis, sa'an nan wayar da ta haɗa allon geji da ƙarfen jikin mota. A motocin Ingila na dā, kamar Land Rover da MG, akwai wani ɗan akwati bayan allon mai rage wutar geji zuwa bolt 10; in ya mutu, allurai biyun tare suke yin ƙarya.

In gejin mai ne kaɗai, ciwon yakan kasance a tanki. A ciki akwai wani abu mai yawo bisa mai, kamar gora a kan ruwa, shi ne ke gaya wa allura yawan man. Cire wayarsa, murɗa makulli, ka taɓa bakin wayar a jikin mota na ɗan lokaci kaɗan. Tanki ya zama a rufe, babu mai a zube, babu taba. Idan allura ta motsa, gejin da wayar lafiya suke, sai a nemi laifin a tanki. Haka ake gwada gejin zafi da wayar da ke kan inji. Amma ka riƙe wannan: in ruwa ya tsiyaye daga lagireto, allura tana iya zama ƙasa alhali inji yana ƙuna, gama zafin ruwa take ji, ruwan kuwa babu. Saboda haka duba ruwa da idonka kowace safiya, tun inji yana da sanyi.

Yanzu sai silo. Inji mai lafiya, in ya ɗumama, yakan juya wajen sau 800 zuwa 900 a minti ba tare da rawa ba. Abin da na fi gani yana ɓata shi shi ne datti. Man da muke saye a jarka bakin hanya yakan zo da ƙura, wani lokaci har da ruwa, kafar man silo kuwa ba ta fi tsinin allura ba. Alamarta ita ce mota tana gudu sosai in an taka, ta mutu in an saki. Kwance jet ɗin silo, wanke shi da fetur, ka busa. Kada ka zura masa waya, za ka faɗaɗa kafar, motar ta koma shan mai har abada.

In silo yana hawa yana sauka, kuma jan cok yana gyara shi, iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba. Kasa kunne, za ka ji sauti kamar hucin maciji wajen robar da ta tsage ko gindin kafireta. In kuwa hayaƙi baƙi ne, fulogi sun yi kunkunniya, to ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. Tazarar bakin fulogi a 504 milimita 0.6 ce, ta kwantak 0.4.

Sai duk wannan ya wuce za a taɓa sukurorin kafireta. Biyu ne: ɗaya na saurin silo, ɗaya na gwama mai da iska. A nan ne direbobi suka fi yin ɓarna, kowa da sukundirebansa. Bari inji ya yi zafi tukuna. Murɗa rabin zagaye, dakata, ka saurara. Ka riƙa ƙirga zagayen da ka yi, ka rubuta a takarda, domin in abin ya ƙi ka mai da shi inda ka same shi.