Mutuwa a Bayan Kanta da Shaidar da Ake Binnewa

Duk wanda 'yan sanda suka kama da ransa da lafiyarsa amana ne a hannun hukuma, don haka idan ya fito da rauni, ko kuma aka fito da gawarsa, hukumar ce ya wajaba ta yi bayani. Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya haramta azabtarwa a sashe na 34, sashe na 35 kuma ya wajabta gurfanar da wanda aka tsare cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga jami'in da ya gana wa tsararre azaba, ta ɗauki mutuwar da azaba ta haddasa a matsayin kisan kai, ta kuma ba tsararre damar likitan da ya zaɓa ya duba shi.

Sai dai lauyan da ya saba zirga-zirga tsakanin caji ofis da kotu ya san cewa galibin irin waɗannan ƙararraki tun a ranar farko suke lalacewa. Akan kira dangi a ce musu ɗansu ya yanke jiki ya faɗi, a miƙa musu gawa, wani lokaci har a sa su rattaba hannu a takardar da ke cewa ba su da ƙorafi, su kuwa, saboda ɗimuwa da son gaggauta yi wa mamaci sutura kamar yadda addini ya koyar, sai su binne shi kafin la'asar. Binciken gawa, wato duban da likita ke yi don gano musabbabin mutuwa, shi ne shaidar da ta fi nauyi a gaban alƙali, kuma da zarar an rufe kabari ba tare da shi ba, abin da ya rage shi ne maganar jami'i da littafin da shi da kansa ya rubuta. Cewa an bar wa Allah ba ta hana neman haƙƙi, amma jami'in da ya yi ɓarna kullum ita yake fatan ji.

Ko an yi nasara ma akwai sauran aiki, domin ƙwato diyya daga asusun hukuma yana buƙatar amincewar Antoni Janar. Iyalan Baba Fugu, wanda aka kashe a hannun 'yan sanda a Maiduguri a 2009, kotu ta yanke musu diyyar naira miliyan 100 a 2010, amma sai a 2012 aka biya su.

Abin da ya kamaci dangi kafin jana'iza shi ne su ɗauki hoton raunukan, su nemi rahoton likita a rubuce, su ƙi sa hannu a kowace takarda sai da lauya, sannan su kai koke ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda ba ta karɓar ko kwabo kafin ta saurari mai ƙara.