Darasi Na Goma Sha Bakwai: Lambar WhatsApp

In keke ya lalace, mai gyara yakan tambaye mu, "Wane iri ne, Raleigh ko Hercules?" Ba ya sayo ƙarfe sai ya san irin keken. To, haka WhatsApp yake.

Da shi muke jin kuɗin masara a kasuwar Rano. Da shi mutumin Kibiya yake gaida ɗansa da ke Ikko. Wata rana sai ya ƙi: saƙon murya ba ya tafiya, ko hoto ya ƙi buɗewa. Mu kuwa sai mu ce wa mai gyara, "Malam, abin nan ya lalace." Wannan magana ba ta ishe shi ba.

An fara WhatsApp a Amurka cikin 2009. Tun daga lokacin masu shi suna ta sake shi, kowane sabon fitowa da lambarsa. Lambar nan ita mai gyara yake bukata.

Ga yadda za mu same ta a wayar Android, irin su Tecno da itel. Mu buɗe WhatsApp. Mu taɓa ɗigo uku da ke sama, hannun dama. Mu taɓa Settings, sa'an nan Help, sa'an nan App info. Kalmomin Turanci ne, amma baƙaƙen su ne waɗanda muka koya. Za mu ga lamba mai ɗigo a tsakani, misali 2.24.5.76. Mu duba 24 ɗin nan da kyau: shekara ce, watau 2024. In muka ga 21 a wurin, namu ya tsufa, sai a sabunta shi. Mu kwafe lambar duka, har da ɗigon. Wanda ya bar ɗigo ɗaya ya rubuta wata lamba dabam.

Wayar ma tana da nata bayani. Cikin Settings na waya akwai About phone. Can aka rubuta sunanta da lambar Android ɗinta. Tun watan Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a Android da ba ta kai 5 ba. Mai irin wannan waya, kada ya ɓata kuɗin mota zuwa Farm Centre a Kano, ba gyara za ta yi ba.

Amma a kula! Akwai wata lamba mai ƙidaya shida da takan zo cikin saƙo. Wannan ta sirri ce. Mai gyara na gaskiya ba ya nemanta ta waya. Ɓarayi ne suke roƙonta, su ƙwace WhatsApp ɗin mutum, su riƙa neman kuɗi wurin 'yan'uwansa da sunansa.

Aikin yau: kowa ya rubuta sunan wayarsa, da lambar Android, da lambar WhatsApp, da abin da ya ƙi yi, da ranar da ya fara. Wanda ba shi da waya ya duba ta maƙwabcinsa, amma da izini.