Kafin Ka Kai Babur Mai Shan 2T Duwatsun Hatfield-McCoy

A kudancin jihar Bajiniya ta Yamma, can Amurka, akwai hanyoyin daji da ake kira Hatfield-McCoy, waɗanda aka ware wa masu hawan babur mai ƙafa huɗu da ire-irensa. Majalisar jihar ce ta kafa hukumar da ke kula da su a 1996, aka buɗe su a shekarar 2000 da kimanin mil 300, yau kuwa sun haura mil 1,000. Sunan ya samo asali ne daga dangi biyu, Hatfield da McCoy, da suka yi mummunar gaba a ƙarshen ƙarni na 19 a gaɓar kogin Tug, wanda ya raba wannan jiha da Kentaki. Ƙasa ce ta ma'adinin kwal, ta duwatsu masu sanye da kurmi tun daga gindi har ƙoli, da kwazazzabai masu zurfi.

Shawarata ga wanda zai je can da babur mai inji mai bugu biyu ce, wato irin wanda ake gauraya masa man 2T da fetur. Duk wanda ya taso ya ga Vespa tana tafe tana barin hayaƙi shuɗi a baya ya san irin injin da nake nufi. A cikin masu ƙafa huɗu, fitattun su ne Yamaha Banshee mai cc 347 da silinda biyu, wanda aka sayar a Amurka daga 1987 zuwa 2006, da ƙaninsa Blaster mai cc 195, da Honda TRX250R na 1986 zuwa 1989, da Suzuki LT250R da yayansa LT500R. An daina kawo sababbi kasuwar Amurka bayan da aka tsaurara dokokin hayaƙi, don haka duk wanda za ka hau tsoho ne. Masu ba da haya a yankin galibi manyan masu sitiyari da kujeru suke da su. Mai bugu biyu sai dai ka ɗauko naka a bayan a-kori-kura, ko ka ari na aboki.

Abin da ya kamata ka riƙe tun daga gida shi ne, waɗannan babura, musamman Banshee, filin yashi da gudu ne gidansu. Ƙarfinsu yana ɓoye ne sai injin ya ɗau ƙara sosai, sannan ya zo maka gaba ɗaya. Hanyoyin nan kuwa kwana ne a kan kwana, ga duwatsu, ga saiwoyi, ga taɓo, wuraren da dole ka tafi a hankali. Za a iya jin daɗinsu a nan ƙwarai, kuma ni a ganina babu abin da ya kai su sauƙin sarrafawa tsakanin bishiyoyi saboda rashin nauyinsu. Amma sai an shirya su.

Fara da mai. Tankin Banshee lita 12 yake ci, kuma yana sha ba wasa. Ka auna nisan da tanki ɗaya ke kai ka kafin tafiya, ka tsara zagayenka a kan haka, ka bar rara. Sa'ar da aka yi, garuruwa irin su Gilbert da Man da Matewan sun yarda a shigo da babur daga daji a sha mai a ci abinci. To amma famfon gidan mai fetur zalla yake zubawa, saboda haka kada man 2T da ƙoƙon awo su bar jakarka. Da yawa suna gauraya 32 da 1, wato kusan mililita 31 na 2T a kowace lita ta fetur. Ka bi awon da aka saita kafiretarka a kai, kada ka canza a hanya don wani ya ce nasa ya fi. Blaster yana da famfon da ke zuba masa 2T da kansa, sai dai masu shi da dama sun cire. Idan aro ka yi, tambayi mai shi ko famfon yana nan. Wannan tambaya ɗaya tana iya ceton inji.

Sai zafi. Banshee yana da lagireto amma ba shi da fanka, iskar gudu ce ke sanyaya shi. Blaster ma iska kawai ya dogara da ita. Doguwar tafiyar giya ɗaya a bayan ayarin da ke rarrafe tana dafa inji, balle idan laka ta toshe lagireto. Ka riƙa tsayawa ka kashe, ka kankare lakar, ka bar shi ya huce. Tafiyar sanɗa kuma tana jiƙa fulogi da mai har ya mutu, don haka ka riƙe sababbi da sifanarsu. Cire haƙori ɗaya daga ƙaramin siforket na gaba yana rage gudu ya ƙara ja, kuma gyara ne mai arha da ke sauƙaƙa wa kuloci aiki. A ƙarƙashi ka sa farantin kariya, domin sarƙa da faifan birkin baya suna kusa da ƙasa, dutse kuwa ba ya kaucewa.

Dokokin wurin ba su da yawa, amma ana bin su. Kowane mahayi sai ya sayi takardar izini, wadda ke aiki har ƙarshen shekara, baƙo daga wajen jihar yana biyan fiye da ɗan gida. Hular kwano da tabarau na kariya wajibi ne. Salansa dole ta kasance da ragar da ke tare tartsatsi, kuma a nan masu bugu biyu suka fi faɗawa matsala, saboda yawancin salansar da ake sauyawa don ƙarin ƙarfi ba ta da ita. Ba goyo sai a babur da aka ƙera don mutum biyu, ba barasa, ba hawan dare. Abin da ya fi muhimmanci, kada ka sauka daga hanyar da aka yi wa alama. Mafi yawan ƙasar mallakar kamfanonin kwal da katako da gas ce, da yardarsu aka shimfiɗa hanyoyin. Mai yanke wa kansa sabon hawa a gefen dutse yana jawo a rufe wa kowa.

An raba hanyoyin da launi: kore mai sauƙi, shuɗi matsakaici, baƙi mai wuya, baƙi da ja kuma na ƙwararru. Ranar farko ka tsaya a kore da shuɗi, ko da ka saba hawa a wani wuri. Rockhouse, tsakanin Man da Gilbert, da Bearwallow kusa da Logan, da Buffalo Mountain wajen Williamson su ne na farko da aka buɗe, kowanne da taswirarsa mai lambobi. Ka riƙe ta takarda, domin sabis ɗin waya yana ɓacewa cikin kwari. Hanyar ta masu zuwa da masu dawowa ce, ka riƙe hannun dama, ka ɗauka cewa akwai wani a bayan kowace kwana. Idan kun haɗu, al'adar mahaya ita ce ka ɗaga yatsu daidai yawan abokan da ke bayanka, na ƙarshe ya dunƙule hannu.

Hawan tudu shi ne abin da ke kai mutane can, shi ne kuma yake kwantar da su a asibiti. Ka tsaya a gindi ka karanta hawan har sama. In ba ka ga ƙarshensa ba, taka da ƙafa ka gani, babu abin kunya a ciki. Zaɓi giyarka tun a ƙasa, ka shiga da ƙwazo daidai gwargwado, ka miƙe ka jefa nauyinka kan kambun gaba, yatsu biyu a kan kuloci. In ƙarar inji ta fara faɗuwa, ɗan shafa kuloci ya dawo da ita, amma a hankali, domin ƙarfin da ya zo farat ɗaya a tsakiyar hawa yana ɗaga gaba ya kifo da babur a kanka. Tayoyin baya kaɗai ke ja, kuma sandar ƙarfe ɗaya ce ta haɗa su, don haka tsallaka gefen dutse a karkace hanya ce ta mirginawa. Da ka kusa ƙoli ka sassauta totur, ba ka san abin da ke can gefen ba.

Idan inji ya mutu a tsakiya, kama birkin gaba tukuna, bayan ka tsaya cak ka haɗa da na baya. In babur ya soma sulalewa baya, kada ka taka birkin baya, shi ne ke juyar da shi. Sauka ta ɓangaren sama, kada ka taɓa tsayawa a ƙasan babur. Banshee da Blaster ba su da ribas, kuma da kik ake tayar da su, saboda haka juya su a kan gangara aikin mutum biyu ne. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana ka shiga dajin kai kaɗai. Wajen saukowa kuma, injin mai bugu biyu ba ya riƙe babur sosai, birki ne zai yi aikin. Ka mayar da nauyi baya, ka riƙa ɗan taɓa totur jefi-jefi da kuloci a kame, domin man da ke shafa fistin tare da fetur yake shiga.

Ana hawa duk shekara. Watan Oktoba ya fi kyau da sanyin iska da launin ganye, lokacin ne ma ake bikin TrailFest a Gilbert, sai dai masauki yana cika, kuma jiƙaƙƙen ganye yana da santsi yana ɓoye duwatsu. Lokacin zafi ƙura ce, ka tanadi matatar iska ta biyu. Filin jirgin sama na Charleston ne ƙofar yankin. Ga Musulmi, akwai masallaci a South Charleston, amma a ƙananan garuruwan sai ka kula da abinci: burodin da jihar ke alfahari da shi, pepperoni roll, akasari da naman alade ake yin sa, haka ma miyar da ake zuba wa burodin karin kumallo. Ka yi guzurinka daga birni.

Kafin ka fita kowace safiya, ka gaya wa mai masaukinka hanyar da za ka bi da lokacin da za ka dawo, kuma ka tabbata inshorar tafiyarka ta ƙunshi hatsarin babur a daji, domin da yawa ba su ƙunsa ba, jinya kuwa a Amurka tana da tsada ƙwarai.