Furen Kabewa Ma Abinci Ne, Amma A San Wanda Za A Tsinka

Dukkanmu mun san kabewa a miyar taushe, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san ana cin furenta. Darasinmu na wannan makon a kansa yake.

A ƙasar Italiya, lokacin zafinsu, wato daga Yuni zuwa Agusta, ana sayar da furen dangin kabewa a kasuwa. Suna tsoma shi a ƙullun fulawa su soya, ya zama abin motsa baki kafin a kawo babban abinci. A birnin Rum har cuku da ɗan kifi suke cusa masa. A Meziko kuwa, inda aka fara noman dangin kabewa kimanin shekaru 10,000 da suka wuce, ana yin miya da shi, ana kuma naɗe shi da cuku a cikin wainar masara. Waɗannan watanni su ne daminarmu, lokacin da kabewa ke yaɗo tana fure a gonakinmu.

To, ga inda darasin yake. Kowace kabewa tana yin fure iri biyu, namiji da mace. Namijin yana da siririn kara dogo. Macen kuwa tana da ɗan kumburi a gindinta kamar 'yar ƙwallo, wanda shi ne zai girma ya zama kabewa. Ƙudan zuma ne ke ɗaukar garin furen namiji ya kai wa macen. Duk wanda ya tsinke macen, ya cinye kabewar kaka tun tana fure. Wanda kuma ya kwashe mazan duka, macen ba za ta kama ba, 'yar ƙwallon ta yanƙwane ta faɗi. Don haka maza za mu tsinka, da ma sun fi yawa, mu bar biyu ko uku saboda ƙudan zuma.

Yadda ake suyar:

1. A tsinko fure 10 da sassafe, domin kafin azahar yake rufewa, kuma kwana ɗaya ne rayuwarsa.
2. A leƙa ciki a kaɗe ƙwari, a cire tsinken da ke tsakiya, a ɗauraye a hankali, a bari ya tsane.
3. A kwaɓa fulawa cokali 6 da ƙwai 1 da ɗan gishiri da ruwan sanyi, kada ƙullun ya yi kauri kamar na ƙosai.
4. A tsoma furen, a saka a man gyaɗa mai zafi, minti ɗaya zuwa biyu kowane gefe.
5. A tsame da matsami, a barbaɗa yaji, a ci da zafinsa.

Gargaɗi uku: furen kabewa rawaya ne, na duma fari, kada a haɗa su. Kada a taɓa furen da aka yi wa feshin maganin ƙwari. In kuma aka ji ɗaci mai tsanani, a tofar a zubar, domin ɗaci a wannan dangin alamar guba ce.

Aikin gida: kowa ya nemi izinin mai gona, ya duba kabewa ɗaya da safe, ya ƙirga maza nawa, mata nawa. A kawo mana amsa ranar Litinin, za mu liƙa a nan.